Shekarar da Hoton Yaya Ya Riski Muryarsa

Lokacin da muke yara, iyakar gona a kan mutane take zaune. Mahaifinmu yakan tsaya a bakin kunya ya nuna da haɓa, ya ce daga nan zuwa can namu ne, maƙwabcinsa ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. In ana so a ƙara mata ƙarfi sai a dasa layin gamba, kowace damina ta tsiro ta tuna wa wanda ya manta. Yanzu tarakta ta tuge gambar, dattawan da suka gyaɗa kai duk suna ƙarƙashin ƙasa, abin da ya rage mana sai wanda na'ura ta riƙe. Na san abin da ake faɗa a wasu gidajen danginmu, cewa ni na ɗauki fadamar gidanmu na miƙa wa Bamaguje. Ku 'ya'yana da jikokina da ba ku nan a lokacin, ko kuna nan ba ku da wayo, ga yadda aka yi.

Ni ban zauna a gona ba. Ina saurayi na bi motar auduga na bar Funtua, daga nan ƙafa ta ƙi tsayawa. Na yi fataucin goro a Kumasi, na yi na kayan mota a Duwala da Injamena inda na tsinci Faransanci, na daɗe a Umdurman har Larabcin kasuwa ya zauna mini a baki, na yi Jidda, na yi Dubai. Duk tsawon wannan yawo, gonar da mahaifinmu ya bari a ƙauyenmu, can gefen hanyar Malumfashi, tana hannun wana, Yaya Mamman. Shi ya noma ta, shi ya ciyar da iyayenmu daga cikinta har suka koma ga Allah. Da na dawo gida da furfura, na iya gaya maka inda Chadi ta ƙare Kamaru ta fara, amma ban san inda gonar ubana ta ƙare ba.

Maƙwabcinmu ta wajen rafi shi ne Nomau, Bamaguje, sa'an Yaya. Ubansa da ubanmu amana ce tsakaninsu, irin wadda in an yi haihuwa a gida ɗaya ake aika wa ɗayan da goro. Tsakanin gonarsu da tamu akwai wani yanki na fadama mai riƙe ruwa, wanda ya faro daga wata tsohuwar ɗorawa ta wajen rafi ya ƙare a wani babban suri ta wajenmu. Yaya ya yi shekaru yana shuka shinkafa a wurin. Bayan rasuwarsa babban ɗansa, Sani, mai sayar da hatsi a kasuwar Funtua, ya kawo tarakta ta share wurin gaba ɗaya, ya kuma ce zai sare ɗorawar don inuwarta tana cinye shuka. A nan ne Nomau ya tako da sandarsa har ƙofar dagaci. Ya ce fadamar aro ce, ubansa ne ya ara wa ubanmu a wata shekara ta fari, iyakar gaskiya tana wajen suri, shi ya sa ma matan gidansa ne ke tsinke ɗorawar kowace shekara. Sani ya ce tun yana rarrafe yake ganin ubansa a fadamar, kalwar da matan Nomau ke ɗiba kuwa alherin ubansa ne kawai. Nomau ba shi da shaida, duk waɗanda suka san maganar sun mutu. Dagaci da liman suka yanke abin da aka saba: mai da'awa ya rasa shaidu, rantsuwa ta koma kan wanda gona ke hannunsa. Aka sa rana Sani zai dafa Alƙur'ani bayan an cire amfanin gona.

A nan na tuna da bidiyon. Shekaru kaɗan kafin rasuwar Yaya, wani abokina ɗan Sudan, Usman, ya sauka a gidana. Mutumin da ya tashi cikin rairayi, ganin korayen gonakinmu ya sa ya kasa zama, kullum yana yawo da wata 'yar kyamara da ya sayo a Dubai. Ranar da aka kai shi ƙauye ni ina kwance da zazzaɓi, Yaya ne ya zaga da shi. Da Yaya ya fahimci cewa abin yana riƙe magana da hoto, sai ya gyara hula ya ce to bari ya nuna wa yara iyaka. Usman bai jin Hausa, ya bi shi dai da kyamara. Kafin ya tafi ya zuba mini duk abin da ya ɗauka a kwamfutata ta kan tebur, ban kuwa taɓa zama na kalla har ƙarshe ba. Usman ya riga mu gidan gaskiya, ko yana raye ma ba abin da zai iya cewa.

Na aika aka kira Sani, muka taru a falona da shi da ƙannensa da matata, Hajiya Rabi. Mun fara gwadawa a wayoyi, duk suka ƙi buɗe shi, wai nau'insa ya yi musu nauyi. Sai muka kunna a kwamfutar. Ita kuwa ba a daɗe da yi mata fomatin a wani shago ba, wato aka goge ta aka sake ɗora mata manhaja aka mayar mini da ajiyata, bayan cuta ta shige ta, tun daga nan ban yi komai da ita ba sai karanta labarai. Muryar Yaya ta fito tas, kamar yana zaune a tsakaninmu, har ƙanwar Sani ta rufe fuska da mayafi. Hoton ne ya zo yana ɗingishi. Ya yi tafiya kaɗan ya tsaya, ya sake motsawa, ya yi tsalle. Muka ga Yaya ya taso daga bakin rafi, ya iso gindin ɗorawa, sandarsa a kafaɗa. Yana tsaye a wurin muka ji muryarsa.

"Nan iyakarmu take. Daga nan zuwa can namu ne. Daga nan zuwa rafi na maƙwabta ne."

Sai hoton ya yi tsalle, muka gan shi can tsakiyar dawa yana dariya. Sani ya sauke ajiyar zuciya ya shafa fuska.

"Alhamdu lillahi. Baffa, ka dai gani da idonka. Yanzu ko sau goma aka ce in rantse zan rantse."

Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Ba wanda ya damu da cewa bakin Yaya bai motsa ba lokacin da muryarsa ke magana. Ku tuna, mutanen gidajenmu sun shekara suna kallon fina-finan Indiya da aka fassara zuwa Hausa, inda jarumi zai rufe baki magana tana ci gaba da zuba. Idonmu ya saba, ya daina tambaya. Ni ma na kalli irinsu da Larabci a Umdurman, na kalla da Faransanci a Duwala. Sai dai akwai abin da na lura da shi tun can: ko a fim ɗin da aka fassara, baki ne kawai ke saɓa wa murya. In ƙofa ta rufe, ƙararta tare da ita take zuwa. Washegari da hantsi, gida ya yi shiru, na sake kunnawa ni kaɗai, na ƙara sauti. A ƙarƙashin kalmar "nan" na ji wani abu, dum, dum, ƙarar itace a kan busasshiyar ƙasa. Wannan ɗabi'ar Yaya ce tun muna yara, ba ya cewa nan sai ya doka sanda a wurin. Amma a hoton sandar tana kafaɗarsa, ba ta motsa ba. Kuma gindin ɗorawa laka ce, sanda ba ta ƙara a laka.

Na rasa wanda zan gaya wa sai 'yata Hajara, wadda ke aure a Malumfashi tana koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Na naɗe akwatin kwamfutar a bargo kamar jariri, na rungume shi a kan cinya a cikin motar haya, wani fasinja har yana tambayata ko janareto ne. Hajara ta haɗa wayoyi a kan teburin cin abincinta, ta kalli bidiyon sau ɗaya, ta buɗe wani wuri a kwamfutar ta duba, sai ta yi murmushi.

"Baba, waɗanda suka yi maka fomatin rabin aiki suka yi. Ba su mayar da direban katin hoto ba."

"Yi mini da Hausar mutane, Malama."

"To. Akwai ƙwaƙwalwar kwamfuta, akwai kuma wani kati a ciki wanda aikinsa kawai zana hoto. Direba wata 'yar manhaja ce da ke sa su fahimci juna. In babu ita, katin yana zaune ba a ba shi aiki, ƙwaƙwalwar ce ke ɗaukar komai ita kaɗai. Murya ba ta da nauyi, sai ta wuce. Hoto yana da nauyi, sai ya tsaya a baya. In ya ga an yi masa nisa sai ya zubar da wani sashe ya yi tsalle."

Na gane nan take, don na sha ganin haka a hanyar Injamena, motar da ba kaya ta isa tasha, mai kaya tana can tana nishi a kan tudu. Na kuma tuna cewa a shagunan Jidda Larabawa ta'arif suke kiran wannan manhaja, wato gabatarwa, kamar yadda in baƙo ya sauka a unguwa ake kai shi gaban mai unguwa a ce ga wane ɗan wane, ga sana'arsa. Masu Faransanci kuma matuƙi suke ce mata. Na fi son na Larabawa. Katin nan ya yi watanni a cikin gidan ba wanda ya gabatar da shi.

Kafin ta taɓa komai sai da ta kwafe bidiyon a filashi ta ba ni na sa a aljihu. Sannan ta miƙo mini sukudireba ta ce ni zan buɗe, tunda na yi kasuwar kayan mota. Na kwance murfin, na hure ƙura, na sa tabarau na karanto mata sunan katin da lambarsa daga wata 'yar takarda da ke manne a jikinsa. Ta haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarta, ta shiga shafin kamfanin da ya ƙera katin. Ta gargaɗe ni cewa akwai shafukan da ke yi wa mutum alkawarin direba su cusa masa cuta, kada in taɓa ɗauka sai daga masu abin. Sauke manhajar ya ci mana lokaci, sabis yana zuwa yana tafiya, har muka ci tuwon rana muka yi azahar. Da ta gama sauka ta ɗora ta, kwamfutar ta nemi a kashe ta a kunna. Muka kunna, allo ya yi baƙi ƙirin, ba rubutu ba komai. Na dafa aljihuna.

"Kada ka damu, Baba, laifina ne. Sabuwar fitowa na ɗauko, katinka kuwa tsoho ne, ba ta san shi ba."

"Haka sababbi suke."

"Ban da gori dai."

Ta sake tayar da kwamfutar ta wata hanya da take tashi da ƙaramin ƙarfi, rubutu manya-manya kamar allon makarantar firamare, ta cire wadda ta ɗora har saiwarta. Ta koma shafin ta shiga sashen tsofaffin katuna, ta nemo wadda ta dace da lambar da na karanta da kuma irin tsarin da ke kan kwamfutar. Wannan karon da aka kunna, allon ya yi ƙyafta ya dawo, rubutu ya yi ƙanana ya yi kyau, har launin ya canza. Ta shiga manhajar kallon bidiyo ta danna wani wuri da ke cewa a miƙa wa katin aikin buɗe hoto. Sannan ta matsar da kujerarta gefe ta ce in kunna da hannuna.

Yaya ya taso daga bakin rafi yana tafiya irin tasa, ba tsayawa ba tsalle, rigarsa tana kaɗawa. Ya iso gindin ɗorawa, ya ɗaga kai ya dube ta, bai ce komai ba. Ya wuce. Ya ratsa fadamar gaba ɗaya, laka tana kama masa takalmi. Ya hau tudu ya tsaya a gindin suri, ya sauke sandar daga kafaɗa ya doka ta a ƙasa, ƙura ta tashi daidai da ƙarar, bakinsa ya buɗe daidai da maganar. Nan iyakarmu take. Ya juya ya nuna dawa da sandar, ya ce daga nan zuwa can namu ne. Ya juya ya nuna fadamar da ɗorawar da rafin, ya ce na maƙwabta ne.

Na tsayar da bidiyon, Hajara tana gefena. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya Sani ya riga ya gaya wa kowa a kasuwa cewa yana da shaida."

"Na sani."

"Da ban taɓa ba."

"Da ba ki taɓa ba, da ya dafa Littafin Allah a kan abin da ba haka yake ba."

Da na koma Funtua na gaya wa Hajiya Rabi. Mace ce mai tsoron Allah, amma ta yi shekaru tana ɗinke tsakanin gidana da gidan Yaya lokacin da nake yawon duniya, ta san abin da ɗinkin ya ci mata. Ta ce in mayar da kwamfutar Malumfashi in bar ta can har a gama, in an tambaya in ce tana wurin gyara, ba ƙarya na yi ba. Ta ce Sani da zuciya ɗaya zai rantse, abin da ya gani zai faɗa, Allah ba ya kama bawa a kan abin da bai sani ba.

"Shi bai sani ba," na ce mata. "Ni fa?"

"Kai ba kai za ka rantse ba, Alhaji."

"Zan zauna a zauren ina kallonsa."

Ta tashi ta shiga madafa, na ji tukwane suna ƙara fiye da yadda suka saba. Na yi kwanaki ina juya maganarta, don ba maganar banza ba ce. Na ga ƙasashen da takarda ce kawai ke magana, maƙwabci ya kai maƙwabci kotu a kan taku ɗaya, su mutu ba sa gaisawa. Na kuma ga inda aka bar wa mai ƙarfi komai don a zauna lafiya. Ban ga inda ɗayan biyun ya yi daɗi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Nomau ba shi da kowa a zauren nan. Ba zai dafa Alƙur'ani ba, ba addininsa ba ne, in Sani ya dafa magana ta rufu har abada. Shaidarsa guda ɗaya a duniya wana ne, wanda ke cikin akwatin da ke ɗakina.

Na fara zuwa wurin Sani shi kaɗai, don ban so ya ji a gaban mutane. Na same shi a rumfarsa ana auna masara. Na ja shi gefe na faɗa masa komai, na roƙe shi ya zo gida ya gani, sannan ya je wurin dagaci da ƙafarsa ya janye, mutuncinsa a hannunsa. Ya saurare ni har na gama, yana kaɗe ƙaiƙayi daga hannun rigarsa.

"Baffa, ran nan a falonka kwamfutar nan ta ce ɗorawa. Ka kai ta Malumfashi ta ce suri. In aka kai ta Zariya ina jin rafin ma za ta ba su."

"Ba a taɓa bidiyon ba, Sani. Kwamfutar aka gyara. Zo ka ga sandar babanka."

"Na san sandar babana. Ni na bi shi gonar nan ina ɗauke da buta. Kai kana ina? Ko sau ɗaya ka taɓa riƙe fartanya a fadamar nan?"

Ban taɓa ba, kuma ya san ban taɓa ba. Na ce masa in bai zo ba zan kawo ta zauren dagaci. Ya ce in kawo, ya koma wurin ma'auninsa.

Ranar da aka sa, da safe, zauren dagaci ya cika har waje. Na ari janareton mai cajin waya na ƙauyen, Hajara ta zo da mijinta ta haɗa kwamfutar da wani babban talabijin, sannan ta koma wajen mata ta zauna. Liman ya ajiye Alƙur'ani a naɗe a kan buzu. Sani ya yi alwala, ruwa bai gama bushewa a gemunsa ba. Nomau yana can bakin ƙofa a kan ɗan dutse, 'ya'yansa biyu a bayansa. Na nemi izini na ce, ranka ya daɗe, akwai shaidar da ba a ji ba. Na kuma faɗa a gaban kowa cewa mun kalli abin nan a gidana hoto yana bayan murya, abin da Sani ya gani shi ya faɗa, bai ƙirƙiri komai ba. Sannan na kunna.

Kowa ya zuba wa talabijin ido. Mutanen nan duk sun san tafiyar Yaya, sun san rigar, wasu sun san sandar. Da ya doka ta a gindin suri, wani tsoho a bayana ya ce, "Mamman ke nan," a hankali. Liman ya ce a maimaita. Na mayar baya, ya matso har gaban talabijin ya tsuguna, yana kallon sandar yana sauraren ƙarar. Ya ce a sake, na sake. Ya koma mazauninsa ya dubi Sani.

"Malam Sani, ga Littafi. Za ka rantse?"

Sani ya daɗe yana kallon talabijin ɗin, inda na tsayar da hoton ubansa da hannu a miƙe. Sannan ya ce, "Ba zan rantse ba."

Ina so ku riƙe wannan. Da ya so, da ya ce an yi wa na'ura dabo, kuma da an samu masu goya masa baya, don a zamanin nan ana haɗa hoton ƙarya, kowa ya sani. Bai ce ba. Ya ga ubansa ya gane shi.

Nomau ya dogara sanda ya miƙe. Ya ce shi fa bai zo karɓar gona ba, ƙarfin noman shinkafa ya ƙare masa. Ya zo ne don kada a sare ɗorawar da ubansa ya bari, kuma a san aro aro ne. In Sani yana so ya ci gaba da nomawa kamar yadda Mamman ya yi, ga fadama nan.

"Na gode, Baba Nomau," in ji Sani. "Ku riƙe abinku."

Ya sa takalmansa ya fita, bai dubi inda nake ba. Na so in bi shi, dagaci ya riƙe mini hannu ya ce in bar shi ya huce.

Na sha tambayar kaina ko akwai wata hanya da ta fi wannan. Wataƙila da na je da mahaifiyarsa, ko da na ɗauki kwamfutar na kai masa har gida maimakon in kira shi nawa. Wanda ya yi shekaru ba ya nan, in ya dawo da gaskiya a hannunsa, ba lallai a karɓa daga gare shi ba, ko da za a karɓa daga wani. Wannan na gane shi, ban kuma ga laifin Sani a kai ba. Hajara ta daɗe tana jin nauyin abin, har ta daina zuwa taron dangi na wani lokaci, sai da na zaunar da ita na ce mata gyara ta yi, wanda ya gyara tabarau ba shi ya rubuta abin da aka karanta ba. Hajiya Rabi kuwa ba ta taɓa ce mini da na ji maganarta ba, ta ci gaba da aika abincin salla gidan Yaya, wani lokaci kwanon ya dawo da tukuici, wani lokaci ya dawo haka nan.

Fadamar tana hannun 'ya'yan Nomau, shi ya rasu bayan damina biyu ko uku, kuma Sani ya je musu gaisuwa. Ni da shi muna haɗuwa a suna da jana'iza, yana durƙusawa ya gaishe ni kamar yadda aka koya masa, yana tambayar jikina. Amma tun daga ranar zauren dagaci bai sake ce mini Baffa ba. Alhaji yake ce mini, kamar kowa a kasuwa.